Rijiyoyi Biyu a Hanyar Mma Atikatu

Duk wanda ya taɓa tsayawa shan koko a mararrabar Tudun Fatake ya san Mma Atikatu. Tudun Fatake ƙauye ne a gefen Salaga, irin wanda gari ya kusa cim ma: rabin gidajen bulo da kwano, rabin na ƙasa, ga gonakin doya a bayan katanga. In ba ka san sunanta ba, to ka san muryarta, domin tun kafin ka kashe mashin za ka jiyo ta daga ƙarƙashin rumfa: "Kai mai hayaƙi, matsa gaba! Kokona ba ya shan fetur." Ta san kowa da ƙarar mashin ɗinsa. Ta san wanda matarsa ta hana shi sukari yake zuwa wurinta a ɓoye. Baƙo sai ya sha kofi biyu, ya ci ƙosai, ya yi hira, kafin ya lura cewa matar nan da ke zuba masa ba ta ganinsa.

Haifaffiyar Bawku ce. Ubanta yana safarar albasa zuwa Pusiga da bakin iyakar Togo, uwarta kuma ita ta koya mata damun koko, da yadda ake sa citta da kanumfari har ya ɗan ciji harshe. A Bawku ta auri Baba Hudu, lokacin yana ɗaukar buhu a tasha, dogo siriri mara magana. Suna da 'ya ɗaya, Shakira, aka yi rikici a garin, irin wanda ake wayar gari a ga rumfunan kasuwa sun zama toka. Suka ɗaure abin da ya rage a zane suka sauka Yendi. Can ma sun zauna shekaru har sun fara kiransa gida, sai wata fitinar ta tashi, aka sa dokar hana fita. Mai koko kuwa, in an hana mutane fitowa da safe, ai an kashe mata murhu. Sai Hudu ya tuna kakansa bafatake ne mai safarar goro, ya bar fili a gefen Salaga. Suka zo suka kafa ɗaki, shi ya zama dillalin doya, ita ta kafa rumfa a mararraba. Shakira da ta girma ta yi aure ta koma Yendi.

A nan ne ido ya fara. Da farko dishi-dishi, tana ɗora laifin a kan hayaƙin murhu. Sai ta fara zuba koko a gefen kofi. Da aka kai ta Tamale, likita ya duba ya ce an makara. Ta dawo ta zauna a ɗaki 'yan kwanaki, Hudu na kai da kawo a tsakar gida kamar wanda ya ɓatar da wani abu. Rannan da safe ta ce, "Malam, sassaƙo mini sanda."

Ya kawo sanda, ya kuma kawo shawara: ya ce za a samo wanda zai riƙa yi mata jagora.

"Jagora?" ta ce. "A riƙe mini sanda ana ja na kamar akuyar da za a kai kasuwa? Ranar da aka yi haka, ranar mutane za su daina sayen kokona su fara ba ni sadaka. Ido ne ya tafi, Malam, ƙafa tana nan."

A kan wannan magana ta tsaya, kuma a kanta sauran rayuwarta ya rataya: ta tashi daga ƙofar gidanta ta isa rumfarta da ƙafarta, ba hannun kowa a jikinta.

To, sai in gaya muku yadda hanyar take. Salaga garin rijiyoyi ne. Tun zamanin da fatake ke sauka da jakai da goro aka haƙa su, da yawa sun kafe, ciyawa ta rufe bakinsu. A 'yar hanyar ƙafa da ta tashi daga gidan Hudu zuwa mararraba akwai irin waɗannan guda biyu. A Tudun Fatake ba a binne rijiya. Dattawa sun ce wanda ya haƙa ya yi ne don Allah, dubban matafiya sun sha, ba a tura wa sadakar mutum ƙasa ko da ta daina ba da ruwa. Abin da ake yi shi ne a gitta itace a bakin, a sare ƙayar magarya a tula a kai, in ta bushe ta zube a ƙara wata. Yaro ya ga ƙaya ya kauce, akuya ta ga ƙaya ta kauce.

Mma Atikatu kuwa ƙayar nan ta zame mata ido. In ta fito, kwanon ƙullu a ka, sai ta riƙa kaɗa sanda ta hagu har ta ji ta shiga ƙaya ta yi ƙaras. Daga nan ta san za ta karkata dama ta bi gefen gonar rogo. In ta ji tarin na biyu, ta san saura ta miƙe, ƙarar titi za ta ƙarasa da ita. Har suna ta sa musu. Ta kusa da gida Bawku, ta kusa da titi Yendi. In ta iso rumfa mata suka ce, "Mma, ya hanya?" sai ta ce, "Na wuce Bawku lafiya, na wuce Yendi lafiya, ga ni a Salaga. Wa ya fi ni yawo?"

Da farko mutane sukan taso su ce bari a kama mata. Duk wanda ya gwada sau ɗaya bai sake ba. Wata ranar ta ce wa wani mai motokin, babur ɗin dako mai ƙafa uku, da ya riƙe mata gwiwar hannu, "Ɗana, ka je ka kama uwarka in ta yarda." Har aka saba. Tana tafe a miƙe kamar kowa, tana gaida kowa da sunansa, sai aka daina tuna cewa ba ta gani.

Mutum ɗaya ne bai daina ba. Baba Hudu in ta fita sai ya tsaya a ƙofar gida yana kallon bayanta har ta wuce Yendi, sannan ya ɗauki kekensa. Ita ta sani. Takan ce ba tare da ta juyo ba, "Malam, doyarka na ruɓewa a kasuwa."

Wata damina tunkiyar maƙwabta ta hau tarin ƙayar Bawku tana neman ganye, itacen ƙasa ya karye da ita. Da aka ciro ta, Hudu ya taɓa guntun itacen ya ji gara ta cinye shi, ya marmashe a hannunsa kamar busasshen tuwo. Bai ci abinci ba ranar. Ya je wurin Alhaji Kassim, dattijon unguwa, ya ce a cike rijiyoyin da ƙasa.

"Hudu," in ji Alhaji, "kakanka ya sha ruwan nan da jakansa. Kai za ka binne?"

"Alhaji, matata ce ke bi ta nan."

"Na sani. A rufe ban hana ba. Binnewa ce ban yarda ba. Ka je wurin masu siminti."

Masu siminti su ne hukuma. Wakilin unguwa a majalisa wani matashi ne, Shamsudeen, wanda kowa ke kira Onarabul, har uwarsa in tana son tsokanarsa. Yaro ne mai kirki, ya samo wa unguwa famfo ɗaya da fitilun titi, duk da rabinsu sun daina ci. Ya ce, "Baba, wannan ai aikinmu ne. Murfin kankare za a yi, mai kauri, ko saniya ta hau ba zai motsa ba."

Hudu ya dawo gida da murna ya ba ta labari. Tana tankaɗe ta dakata.

"Ƙayar fa?"

"Za a kwashe mana. Kankare ai ya fi."

"Ya fi wa? Ni da me zan gane kankare? Kai ka bar mini Bawku da Yendi yadda suke. In itace ne ya ruɓe, sa sabo."

"Sabo ma gara za ta ci."

"To ta ci, ka sake sawa. Mene ne aikinka?"

Ya yi dariya, bai sake ta da maganar a gida ba. Amma bai bar ta a waje ba. Duk ranar da kasuwa ta yi sanyi sai ya hau keke ya tafi ofis ya zauna a benci. Yau a ce mai aikin ya tafi taro, gobe a ce ana jiran sama. Masu gadi har sun san shi, suna ce masa Baba Rijiya. Damina ta wuce, rani ya wuce, wata daminar ta kawo kai. Sai rannan Onarabul ya zo a mashin yana haki: an yarda. Injiniya zai zo ranar Litinin ya auna ya ɗauki hoto, amma ya ce sai ya ga bakin rijiya a buɗe, ba zai auna ƙaya ba.

Sai abin ya zo daidai da wata tafiya. Shakira ta haihu a Yendi, Mma Atikatu za ta je suna ta kuma zauna mata mako biyu. Hudu ya ga hanya ta buɗe masa. Kafin ta dawo an zuba kankare, in ta yi faɗa ta yi, ai an gama. Ya sa ta a mota da kansa, ya ce wa direba ya kula da ita, ta ce wa direba kada ya kuskura.

Asabar ɗin nan ranar tsabtace gari ce, wadda hukuma ta sa a riƙa yi. Mutanen Tudun Fatake kuwa in manya za su zo ba sa wasa. Aka fito da fartanya da adda da tsintsiya. Aka kwashe ƙayar aka tara aka cinna mata wuta tare da sauran shara, ruɓaɓɓen itacen mata suka raba. Aka share hanyar tas. Aka jera ƙananan duwatsu kewaye da bakin kowace rijiya aka shafa musu farar ƙasa, aka kafa kara aka ɗaura jan ƙyalle. Liman ya faɗa a lasifika bayan kowace salla cewa rijiyoyi a buɗe suke, a kula da yara da dabbobi. Wallahi an yi ƙoƙari. Tun daga nesa kana hango farin da jan.

Litinin aka kafa rumfa aka jera kujeru, mata suka dafa wake da shinkafa. Aka zauna har rana ta karkata. Onarabul yana ta buga waya yana share gumi. Can aka ce motar ofis ta lalace a hanya, sai Laraba. Hudu ya ce to a saro ƙaya a mayar kafin nan. Onarabul ya ce, "Baba, in suka zo suka ga an rufe, sai su ce ba mu shirya ba, mu koma bayan layi." Aka bari. Laraba aka ce Juma'a. Hudu ya ɗauki waya zai kira Shakira ya ce ta gaya wa uwarta, ya tuna faɗan da za a yi, ya ce ai da sauran mako, ya mayar da wayar aljihu.

Mma Atikatu kuwa zaman Yendi ya ishe ta. An yi suna, ta ji ɗumin jikan a hannunta, amma dangin miji sun hana ta taɓa ko ludayi, ko bayi za ta sai wata ta taso ta kama ta. Ranar Alhamis ta ce wa Shakira a sa ta a mota, kuma kada a kira Malam, ita ba kaya ba ce da za a je tarya. Da la'asar mota ta sauke ta a mararraba. Hudu a lokacin yana kan bencin ofis.

Matan bakin titi suka yi caa a kanta. Barka, barka, wa yaro ya biyo, wane suna aka sa, ya Shakira da jiki. Ta ba su goron suna, ta kwaikwayi yadda surukar Shakira ke magana ta hanci har wata ta riƙe ciki. Sannan ta ɗora jakarta a ka ta ce, "Bari in je in ga ko tsohona ya mutu da yunwa." Suka ce a gaida shi. Ba wadda ta ce bari in raka ki, don ba a faɗa wa Mma Atikatu haka. Ba wadda ta tuna ta ce an kwashe ƙaya, don kowa ya sani, an yi kwana da kwanaki ana faɗa a lasifika, ga kuma jan ƙyalle can yana kaɗawa.

Ta shiga hanya tana kaɗa sanda ta dama, inda Yendi take in ana komawa gida. Sanda ba ta ji komai ba. Ta ɗauka ta yi nisa da ita, sai ta matsa dama tana nema. Ta ƙara matsawa.

Wata mata da ke tsinkar ganyen rogo ce ta ji. Ta ce ba ihu ta ji ba. Murya ta ji daga ƙasa tana cewa, "Salamu alaikum. Akwai mutane a sama?"

Allah ya sa rijiyar ba ta da zurfi sosai, kuma akwai laka a ƙasanta. Maza suka zo da igiyar ɗaure doya, ɗaya ya sauka. Da aka fito da ita tana riƙe da sandarta, amma ƙashin ƙugu ya karye. A motokin aka kai ta asibiti, a kan katifa, mai motokin yana tuƙi yana kuka, shi ne wanda ta taɓa cewa ya je ya kama uwarsa.

Hudu ya iso ya tsaya a bakin gado, ya kasa zama. Ta gane numfashinsa.

"Malam."

"Na'am."

"Wa ya kwashe mini ƙaya?"

Yana iya cewa mutanen gari, yana iya cewa Onarabul, yana iya cewa injiniya. Ya ce, "Ni ne."

Sannan ta ce, "Ka ce mu bar Bawku, na ɗaure kaya. Ka ce mu bar Yendi, na ɗaure kaya. Ban taɓa yi maka gardama ba. Waɗannan biyun kawai na ce ka bar mini."

"Tsoro nake ji, Atika."

"Na sani. Kullum ina jin idonka a bayana." Ta juya fuska bango. "Je ka ci abinci. Muryarka ta yunwa ce."

Injiniya ya zo a makon da ya biyo. Ba a kafa masa rumfa ba. Ya auna, ya ɗauki hoto, ya je har asibiti ya gaishe ta, ta amsa masa da kyau. Kafin ta bar asibiti an zuba kankare, faffaɗa, sumul, daidai da ƙasa. Alhaji Kassim ya tsaya a kai ya yi addu'a ga waɗanda suka haƙa. Yara suka mai da Bawku wurin wasan 'yar carafke, mata suka fara shanya barkono a kan Yendi. Gaskiya tun daga ranar ko kaza ba ta sake faɗawa ba, kuma iyaye sun samu kwanciyar hankali.

Ita kuwa watanni ta yi a ɗaki. Rumfar mararraba wata ta karɓa, kokonta ba laifi, sai dai ba ya cizon harshe. Ƙashi ya haɗu a hankali, ta fara dafa bango tana zagaya tsakar gida. Da Hudu ya ga haka sai ya ɗauki adda ya shiga daji. Ya saro ƙayar magarya ya tula a gefen kowane kankare, daidai inda tsohuwar take, hannunsa duk tsaga. Duba-gari, wanda a nan muke kira samasama, ya zo zagaye ya ce wace shara ce wannan a kan aikin hukuma. Hudu ya gaya masa. Mutumin ya sosa ƙeya ya hau mashin ɗinsa, bai sake bi ta hanyar ba.

Rannan da hantsi Hudu ya ce, "Atika, na mayar miki da su. Suna nan inda kika bar su. Yanzu ko kin taka ma ba abin da zai faru."

"Da gaske?"

"Zo ki ji da sandarki."

Ta ɗaura sabon ɗankwali. Ta fito tana ɗingishi har ƙofar gida, ya matsa gefe inda ya saba tsayawa. Ta miƙa sanda ta taɓa ƙasa, ta sake taɓawa, ta ɗaga ƙafa. Ƙafar ta tsaya a sama. Ta mayar da ita. Ta sake gwadawa, gumi ya keto mata a goshi. Maƙwabta da suka leƙo suka koma ciki a hankali.

Ta daɗe a tsaye. Sai ta juya sandar, ta miƙa masa ƙarshenta.

"Riƙe, Malam."

"Atika, ki ƙara gwadawa. Ba sauri muke ba."

"Na ce riƙe. Kada ka ja ni da ƙarfi."

Ya riƙe. Yana gaba tana baya, sanda a tsakaninsu ba ta taɓa ƙasa, suka wuce tarin ƙayar farko ba ta yi ƙaras ba. Haka suke fita har yau, in ta so jin ƙarar titi. Ba ta koma koko ba. In sun iso mararraba takan zauna a benci, mata su kawo mata kofi, su ƙi karɓar komai, ita kuma ta daina gardama.

A wannan fitar ta farko, sun yi nisa, sai ta tambaya a hankali, "Mun wuce Yendi?"

Ya dubi ƙayar da ya sara, ganyenta bai ko bushe ba.

"Mun wuce," ya ce.